Shekarar da Muka Wanke Hadiza

Zainab ce ta tayar da maganar bayan ta dawo daga biki a Funtuwa. Muna kicin ina yanka albasa, ta ce wai wata tsohuwa ta riƙe hannunta a tsakar gidan bikin ta tambaye ta ko har yanzu uwarta tana cikin ƙungiyar asirin nan ta Amurka. Da dariya ta faɗa, da Turancinta, amma na ga idonta yana jiran amsa. Ban ba ta ba a ranar. Na ga gara in rubuta, ke Zainab da yayanki da ƙanenki ku karanta a natse, domin babanku ya tafi da nasa ɓangaren labarin, yayata Binta ma ta tafi da nata. Ni kaɗai na rage cikin mutanen gidanmu da maganar ta taɓa.

Mun zo Greensboro a ƙarshen shekarun saba'in, babanku yana karatun aikin gona, ni kuma na biyo shi da goyon yayanku. Shi ya matsa mini na shiga jami'a na karanci ilimin abinci, kada ku manta masa da wannan. Wahalar ba a lokacin karatu take ba, bayan na gama ta zo. Takardata ba ta ba ni izinin aiki ba, Malam, wato babanku, yana gonar gwaji tun safe, ku kuna wajen reno. Sai ni da ɗakuna biyu a hawa na sama. In share, in goge, in sake share inda na share. In ɗora tukunya tun kafin lokacinta. In tsaya a taga ina kallon motoci, in zauna, kujerar ta ƙi ni, in miƙe. A gidanmu na Funtuwa ba a taɓa rasa abin da hannu zai yi ko wanda baki zai yi wa magana ba, nan kuwa har muryata na fara mantawa. Wata rana na tsinci kaina na sa mayafi na fita, na yi ta tafiya a bakin titi ba inda na nufa, masu motoci suna rage gudu suna kallona don a garin nan ba mai tafiya a ƙasa.

Ana cikin haka Mama Odessa ta buga mini waya. Baƙar fata ce 'yar garin, tsohuwar malamar makaranta, ita ta kula da ni lokacin da na yi aikin gwaji a kicin ɗin wata firamare. Doguwa ce, ba ta fita sai da hula da safar hannu, kuma ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Sa'adatu, me kike yi ranar Asabar?"

"Ba komai, Mama."

"Mace mai digiri ta ce mini ba komai. Ki shirya, zan biyo in ɗauke ki."

Ta kai ni wani ɗaki a ƙarƙashin cocinsu, na tarar da mata cike, malaman makaranta da ma'aikatan jinya da masu aikin ofis, kowa da ɗan kwali ko rigar sanyi mai launi iri ɗaya. Ƙungiya ce da suke shiga tun a jami'a, in sun gama karatu kuma su ci gaba da ita a garin da suke zaune har tsufa. Suna kiran junansu da wata kalma da kunnena ya ji kamar "soro", na yi ta mamakin abin da ya haɗa su da ƙofar gida, sai daga baya na gane 'yar'uwa suke nufi. Aikinsu na Asabar shi ne su dafa abinci su kai wa tsofaffin da ke gabashin gari, su auna musu jini, su duba maganinsu. Yawancin tsofaffin nan mata ne da suka ƙare ƙuruciyarsu suna goge manyan gidajen unguwar masu kuɗi ta Irving Park suna renon 'ya'yan masu gidan, yanzu gwiwa ta ƙi, suna zaune su kaɗai. Hawan jini ya yi musu yawa saboda gishiri da kitsen alade. Ni da ba na taɓa alade sai na zama mai amfani: na nuna musu yadda ganye yake daɗi da albasa da tattasai da ɗan ƙyafaffen talotalo. Ranar farko na dawo gida ƙafafuna suna ciwo, na yi barcin da rabona da irinsa tun a Funtuwa.

Na kusa shekara ina binsu a matsayin baƙuwa kafin su ce suna so in shiga sosai. Da na gaya wa Malam, cewa ya yi ba laifi, tunda aikin alheri ne. Amma a lokacin mu Hausawan garin ba mu da yawa, kuma magana ba ta kwana. Mazan suna sallar Juma'a a wani ɗaki da jami'a ta ba su aro, babanku ke ja musu don ya fi su karatu. Akwai wani Malam Garba a cikinsu, dattijo ne a kansu, ya daɗe a ƙasar. Ba mugun mutum ba ne, ina so ku san haka. Shi ya ja babanku gefe bayan salla. Da Malam ya dawo bai ci abinci ba, ya zauna yana juya cokali.

"Sa'a, ƙungiyar nan taku, an ce akwai rantsuwa."

"Haka na ji, Malam."

"An ce ana rufe ƙofa, ana kunna kyandir, kuma abin da aka yi a ciki ba a gaya wa ko miji."

Ni ma abin da na ji ke nan.

"A gida mun san sunan irin wannan," in ji shi. "Ni ban ce haka take ba. Amma ni nake tsayawa a gaban mutane."

Washegari na sami Mama Odessa a gidanta tana ba furanninta ruwa. Na tambaye ta kai tsaye ko ana durƙusa wa wani abu, ko ana zubar da jini, ko za a sa ni in kira wani ba Allah ba. Ta ajiye butar ta dube ni, ba ta yi dariya ba, na kuwa gode mata da hakan.

"Akwai abin da ba ma faɗa a waje, gaskiya ne," ta ce. "Kakanninmu sun fara wannan abu a lokacin da ba a yarda baƙar mace tana da wani abu nata ba, sai suka ajiye ɗan abin da ba mai taɓa musu. Alkawari ne za ki yi, na riƙe 'yan'uwanki da yi wa mutane hidima. In kika ji kalma ɗaya da ta saɓa wa addininki, ki tashi ki fita, ni zan buɗe miki ƙofar in bi ki."

Na yarda da ita, amma yardata ba ta isa ta kai ɗakin Juma'a ba. Sai na janye. Na daina zuwa Asabar. In waya ta yi ƙara in bar ta har ta gaji. Na koma shara da taga, kuma wannan karon ya fi na da muni, don yanzu na san abin da nake rasawa. Ina wanke kwano sai in tuna wata tsohuwa da ba ta iya buɗe kwalbar maganinta, in ce ko wa ya buɗe mata yau. Na riƙa yi muku faɗa a kan abin da bai kai ba. Malam yana gani. Haka muka ci rani muka shiga kaka, ganyaye suna zuba.

A cikin watannin nan Hadiza ce kawai take ɗebe mini kewa. 'Yar Maraɗi ce, amaryar wani ɗalibi mai suna Isufu, yarinya mai fara'a da ba ta jin Turanci ko kaɗan. Yaya take kirana. Takan zo mu yi fura da madarar kanti muna dariyar yadda ta ƙi kama da ta gida. Tana da ciwon sikila, sanyin farko da ya sauko kuma ya kayar da ita. Aka kwantar da ita a asibiti, muna cewa gobe za a sallame ta. Wata safiya Isufu ya ƙwanƙwasa mana ƙofa, da na buɗe na ga fuskarsa ban tambaye shi komai ba.

Kafin azahar mazan sun cika falonmu. Ina kicin ina jin su. Asibiti sun ce sai an kai gawa gidan masu shirya jana'iza, can kuma al'adarsu su zuba mata magani a jiki, su yi mata kwalliya, su ajiye ta kwanaki. Kai ta gida Nijar ba zai yiwu ba. Musulmi ba mu da maƙabarta a garin. Wani ya ce a buga wa ofishin jakadanci, aka buga ba a ɗauka ba. Wani ya ce a tambayi masallacin wani gari mai nisa. Isufu yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa. Sai na ji Malam Garba ya yi tambayar da kowa yake gudu: wa zai wanke ta? Matan Hausawa da ke garin daga ni sai wata mai tsohon ciki, kuma ni ban taɓa wankan gawa ba. A gidanmu Yaya Binta ce ake kira in an yi rasuwa, ni ruwa kawai nake ɗora mata.

Na shiga ɗaki na ɗauki waya. Kunya ta kama ni, mutumin da ka yi watanni kana gudu. Mama Odessa ta ɗauka, na gaya mata. Ba ta tambaye ni ina na shiga ba.

"Gaya mini abin da addininku ya ce a yi, ɗaya bayan ɗaya," ta ce. "Kada ki rage komai don kina jin nauyi."

Akwai wata Loretta a ƙungiyar, ma'aikaciyar jinya, mijinta yana da gidan shirya jana'iza a gabashin gari. Shi ya ɗauko Hadiza daga asibiti, ya yi takardun hukuma, ya yarda ba za a taɓa jikinta da komai ba. Ya ba mu ɗakin, ya fitar da ma'aikatansa maza. Muka shiga ni da Loretta da Mama Odessa. Mama ta cire hularta ta ɗaura ɗan kwali, ta tambaye ni ko haka ya yi. Su biyu suka riƙe zane a kan Hadiza don kada tsiraicinta ya bayyana, Loretta tana taya ni juya ta don ta san yadda ake ɗaga jiki. Da na kai hannu sai komai ya gudu daga kaina, na tsaya da ƙoƙon ruwa ban san ta ina zan fara ba. Sai na ji muryar babanku daga bayan ƙofa, a hankali, da Hausa.

"Sa'a, yi niyya. Fara da tsarki, ki naɗe hannunki da ƙyalle. In kin gama ki ce mini."

Haka muka yi. Ya faɗa, in yi, in ce na gama, ya faɗi na gaba. Alwala, gefen dama, gefen hagu. Na tsefe mata kitson da ni na yi mata da hannuna, na wanke gashin na raba shi. Loretta tana hawaye ba sauti. A ɗakin da ke kusa wasu matan ƙungiyar sun sayo sababbin fararen zannuwan gado, suna yanka suna ɗinkawa da allura yadda na kwatanta musu. Ba wadda ta san Hadiza a cikinsu.

Maganar kabari Mama Odessa ce ta warware ta. Danginta suna da tsohuwar gonar taba a Pleasant Garden, kudu da gari, da 'yar maƙabartar iyali a bakin daji. Ta ce a ba yarinyar wuri a gefe. Da safe muka tafi a jere da motoci. Mu mata muka tsaya a barandar tsohon gidan gonar muna hangensu. Na ga babanku yana duba alƙibla da na'urar da yake awon gona da ita, shi ya sa in kun je za ku ga kabarin Hadiza ya ɗan karkace, bai bi layin sauran ba. Suka yi sahu a kan ciyawa suka sallace ta. Matan da ke gefena suka sunkuyar da kai har aka gama.

Malam Garba ya zo har baranda ya cire hula ya yi wa Mama Odessa godiya, idonsa jawur. Kada ku ɗauka daga nan ya sauya ra'ayi. A hanyar dawowa ya ce wa babanku alherin da suka yi Allah ya gani, amma alheri daban, rantsuwa a ɗakin da aka rufe daban. Na daɗe ina jin haushin maganar nan. Yanzu da na tsufa na gane tsoro yake yi mana, a ƙasar da ya ga mutane da yawa sun narke.

Bayan sadakar uku na sami Malam yana karatu a tebur. Na tsaya a kansa, don na san in na zauna ba zan iya faɗa ba.

"Malam, zan shiga."

Ya rufe littafin.

"Na ji muryoyinsu ta bayan ƙofa ranar wankan Hadiza," ya ce. "Ba zan hana ki ba. Amma ba zan iya tsayawa in ce wa mutane na san abin da ke ciki ba, tunda ban sani ba, ke kuma ba za ki faɗa mini ba."

"Ba zan faɗa ba. Amma in na ga saɓo zan fito."

"Na sani. Shi ya sa ban hana ba."

Na shiga a bazarar da ta biyo. Ban fito ba, don ban ga abin fitowa ba, kuma ko ku ba zan gaya wa abin da aka yi a ɗakin ba. Alkawari na yi. Juma'ar da ta biyo baya babanku ya je da wuri ya zauna a sahu na biyu, ya ce wa Malam Garba ya ja salla. Ba wanda ya ce ya sauka, shi ya ga kada a riƙa salla a bayansa da shakka a zuci. Bai sake jan salla a garin nan ba har ya rasu, mutumin da ya sauke Alƙur'ani tun yana yaro. Bai taɓa yi mini gori ba. Ranar Asabar shi yake zama da ku in fita, in na dawo ya tambaye ni jikin tsofaffin, amma sunan ƙungiyar bai taɓa fita daga bakinsa ba.

Labari ya isa Funtuwa ta bakin wani da ya gama karatu ya koma. A lokacin kaset muke aika wa juna, a yi magana a ciki a ba matafiyi. Yaya Binta ita ta rene ni bayan rasuwar innarmu, kaset ɗinta kullum cike yake gaba da baya, da labarin wa ya haihu wa ya yi aure, har kukan awaki ana ji. Wannan karon da na sa, magana kaɗan ce a ciki.

"Sa'adatu, an ce kin yi sababbin 'yan'uwa, har da rantsuwa. Ni da na goya ki ban taɓa sa ki rantse mini ba. Allah ya ba ku zaman lafiya da su."

Sauran kaset ɗin iska ce kawai. Na saurare shi har ƙarshe ko za ta ƙara wani abu. Na aika mata nawa, na yi bayani, na ba ta labarin Hadiza tun daga farko. Amsa ba ta zo ba. Na sake aikawa. Shekaru suka wuce haka, na haifi ƙanenku ba ta aiko da ko barka ba. Ina cikin mata masu kirana 'yar'uwa, ina aikin da nake so, har sun ba ni jagorancin girkin Asabar, amma duk wanda ya zo daga gida sai na dubi hannunsa.

Sai a ƙarshen shekarun tamanin muka samu zuwa gida. Na tarar da ita a tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa, ta rame, furfura ta fito mata. Ta amsa gaisuwata kamar ta baƙuwa, ta ɗauki ƙanenku ta duba fuskarsa ta ce ya yi kama da baba. Na zauna a tabarma na jawo farantin ina taya ta tsinta. 

"Yarinyar nan ta Maraɗi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Kin sa mata kafur a ruwan ƙarshe?"

Ashe ta saurari kaset ɗin.

"Ba mu samu ba, Yaya. Turare na sa."

"Ya yi." Ta watsar da tsakuwa. "Ke in taki ta zo a can, su za su wanke ki?"

"Su ne, Yaya. Sai dai in Zainab ta girma."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ɗaki, na ji tana jan akwati. Ta fito da bandir ɗin farin yadi da ta sayo a Makka ta ajiye wa kanta. Ta auna da kamu, ta kama bakin da haƙori ta tsaga, ta yage shi biyu. Ta ninke ɗaya ta ɗora mini a cinya.

"Ba za a naɗe 'yar innata da zanen gado ba," ta ce. "Ki nuna musu yadda ake yi da kyau. Gobe ki zo da safe in koya miki, tun da can ruwa kawai kika iya ɗorawa."

Ba ta taɓa cewa na yi daidai ba, ni ma ban nema ba. Kaset ya dawo, ko da yake bai ƙara cika gaba da baya ba. An naɗe ta da nata rabin ina nan Greensboro, ban samu zuwa ba sai bayan arba'in.

Nawa yana saman durowar ɗakina, cikin jakar matashi mai shuɗin baki. Mama Odessa ta riga ni, tana kwance a Pleasant Garden kusa da Hadiza. Loretta tana nan, ta tsufa amma hannunta bai mutu ba, kuma na koya mata komai yadda Yaya ta koya mini. Zainab, ke za ki zuba ruwan. In kin rikice ki tambaye ta.